Tafiyar da Malam Mukhtari Bai Ƙarasa Ba

Al-Naseem, Riyad
14 Oktoba, 2023

Zuwa ga Baffa Dawuda, Ringim.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar nan? Ina gaida ƙanwata Bilƙisu da yaranta. Ni lafiya ƙalau, zafin ma ya fara sauƙi.

Bilƙisu ta ce kunnen ya ƙi gaba ɗaya, in an kira ka a waya sai ka riƙa amsa tambayar da ba a yi maka ba. Shi ya sa na koma takarda. Zan rubuta da hannu, in ɗauki hoto in tura wayarta, kai ma ka yi haka. Na san da idon tsohon hedimasta za ka karanta, to a yi mini sassauci.

Na canza aiki. Iƙamata, wato takardar zama, ta koma hannun wani kamfani mai gyaran tsofaffin gine-ginen ƙasa a Dir'iyya, bakin gari. Digirin tarihin da ka sha wahala a kansa har yanzu sitiyari yake murɗawa, sai dai wannan karon masanin tarihi nake ɗauka. Sunansa Dokta Ansel, Ba'amurke, ya haura saba'in. Aikinsa ya zauna da tsofaffi da magina ya naɗi labarinsu.

Ranar farko muka shiga gidan wani dattijo Balarabe, aka miƙo wa Dokta gahawa. Ka san a nan ƙin karɓar gahawa kamar ƙin amsa sallama ne. Sai ya dafa ƙirji ya ce addininsa ya hana shi, har da shayi. Na ce a raina yau mun shiga uku. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, can ya fashe da dariya ya ce, "Wallahi naku ya fi namu tsanani," ya sa aka kawo masa ruwa da dabino.

'Yan addinin su Dokta ana ce musu Mormon. Kiristoci suke kiran kansu, amma suna da nasu littafin da wani da suka ɗauka annabi, wanda ya bayyana a Amurka shekara kusan ɗari biyu da suka wuce. Dokta ya shafe rayuwarsa yana tonon tsofaffin takardunsu, ya rubuta tarihin magabatansu har da abin da manyansu ba sa so a faɗa. Na tambaye shi, bayan duk abin da ya gani, har yanzu ya yarda? Ya ce, "Inuwa, na ga laifinsu da idona a rubuce. Na rubuta shi, na tashi na tafi ibada. Ba don su tsarkaka ne nake bauta wa Allah ba."

Baffa, maganar nan ta shige ni. Ban taɓa samun wanda ya warware mini zancen imani kamar mutumin nan ba.

Ɗanka,
Inuwa


Ringim
3 Nuwamba, 2023

Inuwa,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Kowa lafiya, ban da ni tun da na karanta takardarka.

Sau huɗu na karanta layinka na ƙarshe. Na sa Bilƙisu ta ƙara girman hoton ko idona ne ya gaza, ashe dai haka ka rubuta. Kana da shekara bakwai aka kawo ka gidan nan bayan rasuwar mahaifinka. Kakanka da mahaifina 'yan maza zar ne kawai, da na ce ba ni da wuri ba wanda zai zarge ni. Ni na riƙe maka buta ka koyi alwala. Ni na kai ka gaban malamai uku. Yau kuma a ƙasar da Alƙibla take, wanda ya warware maka imani shi ne mai bin wani annabi bayan cikamakin Annabawa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi?

Ba na son kwana-kwana. Ka faɗa mini da baƙi da fari: kana salla ko ba ka yi? Ya ba ka littafinsu? In ka bar hanya ne ka gaya mini da kanka, kada in ji a bakin 'yan Umra. Na tsufa, amma ban kai tsufan da za a ɓoye mini mutuwar ɗana ba.

Dawuda Mukhtari


Al-Naseem, Riyad
10 Nuwamba, 2023

Baffa,

Ina gaisuwa da ban haƙuri. Lafiyata ƙalau. Na rantse da wanda raina ke hannunSa ban bar Musulunci ba, kuma Dokta bai ba ni littafi ba, bai taɓa kira na zuwa addininsa ba. Amma tunda ka ce ba kwana-kwana, bari in faɗa maka abin da na ɓoye shekara goma sha biyu.

Tun ina jami'a sallata ta zama fanko. A ɗakin karatu na ci karo da takardun da suka nuna mini malaman da muke tashi tsaye in an ambace su, wani ya sayar da bayi Musulmi, wani ya ba da fatawa don ya faranta wa mai mulki. Na kasa tambayar kowa, don na san amsar da zan samu ita ce a'uzubillahi. Sai na ci gaba da bin sahu, goshi a ƙasa, zuciya ba ta nan. Na ɗauka hanya biyu ce kawai: in rufe ido in zauna, ko in buɗe in fita. Ko a gabanka da nake jan salla in ka yi mura, haka nake. Ina jin kunyar rubuta wannan.

Abin da na gani wurin Dokta shi ne mutumin da ya buɗe ido kuma bai fita ba. Ba addininsa ne ya burge ni ba, zamansa a ciki ne. Shi ne ma in an kira salla muna hanya yake taɓa kafaɗata ya ce, "Tsaya ka je, zan jira." Wata La'asar na tsaya a wani ƙaramin masallaci a gefen kwarin Wadi Hanifa, na yi kabbara, sai na ji ina magana da Wanda ke ji na, karo na farko tun ina ɗan shekara ashirin da biyu. Na yi kuka har wani Bapakistane da ke gefena ya miƙo mini hankici.

Abin da nake nufi ke nan. Na rubuta shi a karkace, ka yafe mini.

Inuwa


Ringim
1 Disamba, 2023

Inuwa ɗana,

Alhamdu lillahi. Na ci tuwo malmala biyu ranar da takardarka ta zo, Bilƙisu shaida ce. Ka ji kunya da ka yi shekara goma sha biyu kana ciwo a gidana ba ka ce uffan ba, ni ma na ji kunya da ban gani ba. Ka gaida Baturen naka. Allah Ya shirye shi, ko don ya ɗanɗana shayi kafin ya mutu.

Ni ban san irin ciwonka ba, don ba a littafi na samo imanina ba. Ka san labarin, amma ban taɓa gaya maka abin da yake a wurina ba. Ina da shekara shida, a 1953, mahaifina Malam Mukhtari ya kama hanyar Makka a ƙasa. Bayan shekara uku abokin tafiyarsa Alhaji Kamil ya dawo ya ce ya rasu ranar Arfa, sanye da harami. Mahaifiyata Inna Hansai ta yi takaba, ba ta ƙara aure ba har ta koma ga Allah. Duk lokacin da rayuwa ta matse ni, sai in ce ni ɗan mutumin da ya taka ƙasa wata da watanni don ya amsa kiran Ubangijinsa ne. Sadakar da nake yi duk ranar Arfa, da labarin da nake ba yara, ba al'ada ce kawai ba. A kansa nake tsaye.

Saboda haka ka karanta duk abin da za ka karanta. Mumini ba ya tsoron gaskiya, ni dai ban taɓa jin tsoronta ba.

Baffanka


Al-Naseem, Riyad
26 Afrilu, 2024

Baffa,

Barka da shan ruwa, barka da Salla, ko da a makare. Ina fata ƙafa ta bar ka ka je Idi. Ni lafiya. Ka ga na daɗe ban rubuto ba. Wata biyu ke nan ina ɗauke da wata magana, ina komawa ga layinka da ka ce ba ka tsoron gaskiya. Shi ya ba ni ƙarfin hali.

Kafin azumi Dokta ya naɗi labarin wani shugaban magina a Dir'iyya, sunansa Idrisu, ɗan shekara sittin da uku. Bahaushe ne haifaffen Sudan, ni na yi tafinta. Dokta ya tambaye shi asalinsa. Ya ce mahaifinsa mahajjaci ne daga Nijeriya, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya aikin gonar auduga kusa da Wad Madani don ya tara na jirgin ruwa. Ya ce haka dubban mutanenmu suka yi, kowa na cewa baɗi zai wuce, har su yi aure su haifi 'ya'ya. Nasa mahaifin bai taɓa yarda a kira shi mazaunin garin ba, kullum cewa yake shi matafiyi ne. Ya rasu a can a 1981, bai ga Ka'aba ba.

Dokta ya tambayi sunan mahaifin. Ya ce Mukhtari ɗan Sadiƙ, mutumin Ringim. Baffa, bakina ya kasa juya wannan zuwa Turanci.

Ban yi gaggawa ba, na bi yadda Dokta ke aiki. Na roƙi Idrisu ya nuna mini takarda. Ya kawo tsohuwar takardar tafiyar mahaifinsa mai kwanan wata 1953, da hotonsa ya tsufa. Babban yatsan hannun hagu babu, wanda ka ce lauje ya cire. Na haɗo maka hotunan biyu. Idrisu bai san ko ni wane ne ba, ban gaya masa komai ba.

Na san da ciwo. Amma na ga yadda gaskiya ta dawo mini da sallata, kuma kana da ƙane a duniya, mutumin kirki, mai kama da kai a goshi. Ban ga ina da ikon ɓoye maka ba.

Ɗanka,
Inuwa


Ringim
18 Yuni, 2024

Yaya Inuwa,

Ni ce Bilƙisu. Barka da Salla. Yara lafiya. Baba ne dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon da za a kai asibiti ba ne.

Ka yi ta tambaya ta ko ya ga takardarka, ina ce maka ya gani. Yau zan faɗa maka sauran. Da na miƙa masa wayar ya karanta, ya kai kan hoton, sai ya sa yatsa a kan hannun tsohon ya daɗe. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Shi ya sa Alhaji Kamil bai taɓa cin sadakarmu ba. In an kai masa sai ya ce yana azumi." Daga nan ya shiga ɗaki.

Tun ranar abinci sai na yi da gaske. Ya daina zama a dakali. Abin da ya fi damunsa Inna ce. Ya ce ta yi wata huɗu da kwana goma tana takabar mutumin da ke raye yana noman auduga, ta zauna shekara talatin da huɗu tana alfahari da shi.

Ranar Asabar aka yi Arfa. Na jiƙa gero tun jajibiri kamar kullum, mutanen unguwa suka taru a ƙofar gida suna jiran ya fito ya ba da labari. Bai fito ba. Na ce musu ƙafa ce. Yana salla, amma in ya sallame sai ya zauna hannuwansa a cinya, ba ya ɗaga su.

Yaya, kai ka yi karatu, ni ban kai ka ba. Amma tsoho ɗan shekara saba'in da bakwai, me ka so ya yi da wannan labarin? Da ka tambaye ni kafin ka aiko.

Bilƙisu


Al-Naseem, Riyad
22 Yuni, 2024

Baffa,

Ina gaisuwa, in za ka amsa. Bilƙisu ta faɗa mini halin da kake ciki. Jikina lafiya, shi ke nan abin da zan iya cewa.

Jiya na kai Dokta filin jirgi, aikinsa ya ƙare. A hanya na ba shi labarin duka. Na zaci zai ce na yi daidai. Sai ya ce, "Mutanen da na rubuta laifinsu sun mutu shekara ɗari kafin a haife ni. Ba ɗayansu da ya taɓa ɗauka ta a kafaɗa. Kuma na yi shekara talatin ina haɗiyar abin kaɗan-kaɗan, kai ka ba shi a wuni ɗaya." Ya ce akwai abin da bai gaya mini ba. Yayansa, wanda ya fi so a duniya, ya karanta abin da ya rubuta, ya bar ibada gaba ɗaya, kuma bai sake yi masa magana ba har ya mutu. Na ce to, da za a koma baya, zai sake rubutawa? Ya ce, "Ina jin zan rubuta. Amma da na fara zuwa na zauna kusa da shi." Idonsa ya kawo ruwa, ni kuma ina tuƙi.

Na ɗauki rabin darasi na yi aiki da shi a kanka. Ka ce ba ka tsoron gaskiya, na karanta shi kamar izini, alhali a takarda ɗaya ka gaya mini a kan me kake tsaye. Kai ka riƙe ni lokacin da ba dole, ni kuma ga sakayyar da na yi maka. Ba zan ce labarin ƙarya ne ba, don ba ƙarya ba ne. Amma ka yafe mini, Baffa. Ina tsoron ka tafi kana fushi da ni.

Inuwa


Ringim
20 Yuli, 2024

Inuwa,

Na samu takardarka. Ina nan da rai. Zancen yafiya ka ajiye shi tukuna, ban kai wurin ba.

Aiki zan ba ka. Ka je wurin Idrisun nan ka gaya masa ko kai wane ne. Ka tambaye shi abu ɗaya. A shekarun da ya yi da mahaifinsa, ya taɓa jin ya ambaci wani yaro da ya bari a Ringim? Ko sau ɗaya, ko cikin zazzaɓi. Sunana Dawuda, amma shi Ɗanlami yake kira na. Ka faɗa masa duka biyun.

Kada ka gyara mini amsa. Kai ka buɗe ƙofar nan, ba ka da ikon ja mini labule yanzu.

Dawuda


Al-Naseem, Riyad
9 Agusta, 2024

Bilƙisu,

Ina gaisuwa. Wannan taki ce ke kaɗai, don Allah kada ki nuna masa.

Na je gidan Idrisu a unguwar Al-Shifa ranar Juma'ar da ta biyo bayan zuwan takardar Baffa. Da na gaya masa, ya riƙe kai ya yi ta salati. Ya kira babbar yayarsu a Sudan a gabana, ita ta yi jinyar tsohon har ya cika. Na faɗi Dawuda, na faɗi Ɗanlami, na faɗi Hansai. Ba su taɓa ji ba. Tsohon ya gaya musu ya baro gida yana saurayi, ba mata ba ɗa. Ta ce yakan yi zancen kasuwar Ringim da kogi da wani dokin maƙwabcinsu, amma ban da wannan.

Idrisu ya yi kuka ya ce, "Ka ce masa tsohon ya ambace shi mana. Wallahi ni zan tsaya a kan maganar." Na zauna na rubuta hakan, har na ƙawata shi, na ce tsohon yakan kira Ɗanlami in ya ga yara na wasa. Na karanta na yaga. Na rubuta gaskiyar, ita ma na yaga. Sati biyu ke nan, kullum in na dawo daga aiki sai in ɗauki biro in ajiye.

In ya tambaya ki ce ban samu ganin mutumin ba tukuna. Ki ba ni lokaci.

Inuwa


Ringim
2 Satumba, 2024

Inuwa ɗana,

Assalamu alaikum. Jiki ya yi nauyi, rubutun ma ka ga yadda yake rawa. Bilƙisu na ƙoƙari.

Kada ka wahalar da kanka. Shekara talatin da biyar ina tambayar yara a aji, na san shirun wanda bai sani ba, na san shirun wanda ya sani. Da amsar mai daɗi ce da ba ta kwana a hannunka ba. Bilƙisu ba ta nuna mini komai ba, kada ka yi mata faɗa. Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba, na san ka yi sha'awar yi.

Na yi fushi da kai, na yi fushi da shi. Akwai kwanakin da na kasa roƙon Allah komai, don na ga ashe a bayan mutum na ɓuya ina kallon Ubangiji, da aka janye mutumin sai na rasa inda zan sa fuskata. Ban san haka nake ba sai da na kai saba'in da bakwai. Baturenka ya san wani abu, amma ka gaya masa in kuna waya, abin ya fi yadda yake faɗa ciwo.

Ga inda na tsaya. Shekara sittin da takwas ban taɓa nema wa mahaifina gafara da gaske ba. Ina cewa wanda ya mutu a Arfa cikin harami me zai yi da addu'ata? Ashe wani talaka ne da guzuri ya ƙare masa, kunya ta hana shi komowa, ya bar mace da yaro, ya mutu da wannan a wuyansa. Ba wanda ya kai shi bukatar addu'a, kuma ni kaɗai na san laifin da za a nema masa gafara a kai. Ranar Laraba da Azahar na ɗaga hannu.

Na yafe maka, duniya da lahira. Sai dai ka biya ni da abu ɗaya. Ka riga ka sauke faralinka na Hajji, ni kuwa ba zan ƙara ganin wata Arfa ba, jikina ya gaya mini. In Allah Ya kai ka baɗi, ka ɗaura harami da sunan Mukhtari ɗan Sadiƙ, ka tafi da Idrisu, ku ƙarasa masa tafiyar. Ka ce wa Idrisu yayansa na gaishe shi.

Shi bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Ni sau biyar nake ambaton nasa a rana, kuma haka zan yi har a rufe ni.

Baffanka,
Dawuda ɗan Mukhtari